Da gaske ne kotunan Turai sun taɓa halatta jinin mutum ga kowa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin shari'a ne, ina aji biyu. Na ji ana cewa a Turai a zamanin da, kotu kan yanke wa mutum hukuncin cewa doka ta zare hannunta daga kansa, duk wanda ya gamu da shi yana iya kashe shi kuma ba abin da za a yi masa. Da gaske ne? In haka ne, mene ne bambancin wannan da abin da muke gani yau, inda jama'a ke taruwa su kashe wanda ake zargi da sata a kasuwa? Kuma me ya sa suka daina?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tambayarka uku ce a dunƙule: ko an yi hakan, ko daidai yake da ɗaukar doka a hannu, da kuma abin da ya kawo ƙarshensa. An yi, kuma ƙarnoni aka kwashe ana yi, daga Ingila da Sikotlan zuwa Jamus da Italiya har tsibirin Aislan. Sai dai yadda ake ba da labarin yakan sa mutum ya ɗauka cewa alama ce ta hukuma mai tsananin ƙarfi. Ni a karatuna akasin haka na gani. Hukuma ce da ba ta da hannun da za ta kama mai laifi, sai ta janye abu ɗaya da take da shi, wato kariyarta, ta bar sauran aikin ga jama'a.

Kafin ka gane wannan hukunci sai ka cire ɗan sanda daga zuciyarka. Landan kanta ba ta sami rundunar 'yan sanda irin wadda muka sani ba sai 1829. Kurkuku akwai shi, amma galibi wurin ajiye mutum ne kafin alƙalai su iso. Alƙalan sarki kuwa zagaye suke yi gunduma-gunduma, wani yankin sai ya yi shekaru bai gan su ba. A irin wannan hali mutum ya yi kisa da daddare, kafin gari ya waye ya faɗa daji ko ya tsallaka wata gunduma. Wa zai bi sawunsa? Nan ne kotu ke cewa: tunda ka ƙi zuwa gaban shari'a, ranar da kake bukatarta ita ma ba za ta zo gare ka ba.

Yadda ake yi a Ingila

A Ingila ta ƙarni na 13, wannan hukunci na wanda ya ƙi amsa sammaci ne, kuma ba a yin sa rana ɗaya. Kotun gunduma takan zauna kusan kowane mako huɗu, ƙarƙashin wakilin sarki da suke kira sherif. A zaman farko a kira sunan wanda ake tuhuma da babbar murya a gaban jama'a, a ce ya fito ya amsa. Shiru. Bayan wata guda a sake kira. Haka za a yi ta yi har zama biyar a jere. A zama na huɗu ma wani ɗan'uwa ko aboki yana iya miƙewa ya ce ya tsaya masa, zai kawo shi zama na gaba. In aka yi kira na biyar bai bayyana ba, sai a yi shela cewa ya fita daga doka, jami'in binciken mutuwa ya rubuta sunansa a takardar fata. Ka ga tsakanin kiran farko da na ƙarshe an ci kusan wata huɗu.

Tsoffin masana shari'arsu sukan ce irin wannan mutum yana ɗauke da kan kerkeci, wato matsayinsa ɗaya da dabbar da kowa ke da izinin farauta. Amma abin da ya fi cin rai a zahiri shi ne abin da ke biyo baya a gida. Dabbobinsa, hatsinsa da kayan ɗakinsa sun zama na sarki. Gonarsa sarki zai riƙe shekara guda da kwana ɗaya, yana da ikon sare itatuwan ciki da rushe gine-gine, sannan ta koma hannun ubangidan da ya ba shi ita tun farko. Magada ba su da komai. Ba ya iya kai ƙarar kowa. Wanda ya ba shi masauki ko abinci da sani, shi ma ya jefa wuyansa cikin igiya. In kuwa aka kama shi, ba a sake buɗe maganar laifin. A tabbatar dai shi ne mai sunan da ke cikin takarda, sai rataya.

Akwai waɗanda hukuncin ba ya hawa kansu a lafazi. Kowane namiji talaka da ya kai shekara 12 ana sa shi cikin ƙungiyar mutum goma da suka yi rantsuwar lamuncewa juna, in ɗaya ya gudu ragowar ake ci tara. Yaron da bai kai wannan shekaru ba bai shiga doka ba tukuna, balle a fitar da shi. Mace ma ba ta wannan rantsuwa, don haka sai su ce an yi watsi da ita, amma abin da ke samunta bai bambanta da na namiji ba.

Su kansu sun san haɗarin abin tun da wuri. Yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, wadda manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John ya amince da ita, ta ambaci wannan hukunci da sunansa a sashe na 39: ba za a kama ɗa mai 'yanci ba, ko a ɗaure shi, ko a ƙwace masa dukiya, ko a fitar da shi daga doka, ko a kore shi daga ƙasa, sai da hukuncin tsaransa ko bisa dokar ƙasa. A wannan ƙarnin ne masana suka fara cewa kashe shi na halatta ne kawai in ya yi turjiya ko ya zura da gudu lokacin kamu. A farkon mulkin Edward na Uku, wanda ya hau gadon sarauta a 1327, alƙalai suka tsayar cewa kisan irin wannan mutum aikin sherif ne mai takardar izini, ba na duk wanda ya ga dama ba.

Sarki yana iya yin afuwa, mutum ya dawo cikin doka. Amma sukan ce ya dawo ne kamar jaririn da aka haifa yau: ransa ya tsira, gona da dukiyar da suka tafi sun tafi ke nan.

Aislan, ƙasar da ba sarki ba dogari

In kana son ganin wannan hukunci tsirara, duba Aislan. Daga wajen 930 har zuwa 1262 zuwa 1264 da suka miƙa wuya ga sarkin Nowe, mutanen nan suna da dokoki masu zurfi, suna da babban taron ƙasa da ake kira Althing da ke zama mako biyu kowane bazara, suna da kotuna, amma ba su da sarki, ba su da soja, ba su da hauni. Kotu ta yanke hukunci, zartarwa kuma tana wuyan wanda ya kawo ƙara. A nan, saɓanin Ingila, fitarwar ita ce hukuncin laifin kansa, kuma iri biyu ce.

Ƙaramar ita ce korar shekara uku. Za a ƙwace dukiyar mutum, ya biya shugaban yankin wani abu na fansar ransa, a ware masa gidaje uku inda ba mai taɓa shi, haka ma a kan hanyar da ke tsakaninsu da hanyar zuwa bakin teku. An ba shi bazara uku ya nemi jirgin da zai fitar da shi. In ya cika shekarunsa a waje ya dawo, ya koma cikakken mutum. In ya yi taurin kai ya ƙi tafiya, sai ta rikiɗe ta zama babbar.

Babbar ba ta da wa'adi. Dokarsu ta jera abubuwan da aka haramta a yi wa mai ita: kada a ciyar da shi, kada a ɗauke shi a jirgi, kada a ba shi shawara ko mafaka. Ka lura da na biyun. Tsibiri ne, wanda aka hana wa jirgi an rufe masa ƙofar gudu, ga lokacin sanyi mai tsawo da ƙanƙara, ga tsakiyar ƙasar duk duwatsu da hamadar toka. Mako biyu bayan an tashi daga taro, mai ƙara zai je kusa da gidan mutumin a yi zaman raba dukiya: a biya basussuka, a ware wa matarsa abin da yake nata, ragowar a raba tsakanin mai ƙara da mutanen yankin. Ɗan da ya haifa bayan nan ba ya gado. In ya mutu ba a binne shi a maƙabartar coci.

Mutumin da aka hana wa abinci zai ci abinci, ko ta wace hanya. Saboda haka sai ya koma satar tumakin manoma. Dokar ta nemi maganin wannan da wata dabara mai ban tsoro: korarre yana iya sayo 'yancinsa in ya kashe korarru uku irinsa. Manufar ita ce kada su yarda da juna har su haɗa gungu. Jamhuriyar Benis a Italiya ma ta yi amfani da irin wannan dabara a ƙarnonin baya. A ganina wannan ita ce shaida mafi ƙarfi cewa masu hukuncin sun san yana haifar da 'yan fashi, tunda sai da suka yi wata doka domin kashe wutar da ta farkon ta kunna.

Wani lokaci kuma korar takan buɗe tarihi. Erik Mai Jan Gashi, da aka yanke masa korar shekara uku a wajen 982 saboda kisa, a tsawon wa'adin ne ya zagaya gaɓar Girinlan, ya dawo ya ja mutane suka je suka kafa zama a can. Sai dai a riƙe cewa labaran mutanen Aislan an rubuta mafi yawansu ne a ƙarni na 13, shekara ɗari biyu ko fiye bayan aukuwar abubuwan, don haka dokokin sun fi labaran abin dogaro.

Wa ya mutu, wa ya tsira

Duk sanda na zo wannan darasi nakan tambayi ɗalibai: takarda ta ce kada a ba shi abinci, to wa ke gadin ƙofar ɗakin girkin 'yar'uwarsa? Nan take suke gane cewa ƙarfin hukuncin bai wuce yardar maƙwabta ba. Talakan da ba shi da dangi masu ƙarfi, shi ne ke ƙarewa a daji ko a igiya. Mai uwa a gindin murhu kuwa ba ya cin tuwo gaya.

Dubi 'yan gidan Folville a gundumar Leicester ta Ingila, 'ya'yan mai gona ne mai sarauta. A 1326 Eustace Folville da mutanensa suka kashe Roger Bellers, babban jami'in baitulmalin sarki. An fitar da su daga doka, aka yi musu afuwa, suka koma ruwa. A 1332 suka yi garkuwa da alƙalin sarki, Richard Willoughby, sai da aka biya mak 1,300, fiye da fam 860, a zamanin da fam guda kwabo 240 ne, lebura kuma yana yini a kan kwabo ɗaya zuwa biyu. Eustace ya sake samun afuwa saboda ya tafi yaƙi wa sarki, ya mutu a 1346 ba tare da igiya ta taɓa wuyansa ba. Tun zamanin Edward na Ɗaya sarakunan Ingila suka fara sayar da afuwa da aikin soja, domin wanda ya iya kisa a daji yana da amfani a fagen daga. Tatsuniyoyin Robin Hood, ɗan dajin da ake cewa yana ƙwace wa masu kuɗi ya raba wa talakawa, daga irin wannan duniya suka tsiro, amma 'yan dajin gaske ba sa raba wa talakawa komai.

A daular Jamus abin ya hau har kan manya. A 1180 Sarkin sarakuna Frederick Barbarossa ya tuɓe Henry mai laƙabin Zaki daga mulkin Saxony da Bavaria bayan ya ƙi amsa kira, ya ƙare da gudun hijira a Ingila wurin surukinsa. Daga 1220 aka ɗaure hukuncin coci da na fada: wanda coci ya kore shi ya yi mako shida bai tuba ba, hukuncin fada ya hau kansa. Wanda aka fi sani shi ne Martin Luther, malamin Kirista na Jamus da ya bijire wa Paparoma. A watan Mayun 1521, bayan taron birnin Worms, Sarki Charles na Biyar ya fitar da doka: kada a ba shi gida, ko ci, ko sha, a kama shi a miƙa. Amma sarkin yankinsa, Frederick na Saxony, ya riga ya sa an ɗauke shi a hanya an ɓoye shi a ganuwar Wartburg. Ya yi kusan wata goma a can, ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. Hukuncin bai taɓa sauka daga kansa ba, kuma ya takura shi, domin a 1530 bai iya halartar taron Augsburg ba, sai ya tsaya a Coburg yana aika wasiƙu. Duk da haka a kan gadonsa ya mutu a 1546.

William na Orange bai yi wannan sa'ar ba. A 1580 Sarki Philip na Biyu na Sifaniya ya fitar da shi daga doka saboda jagorantar tawayen Holan, ya sa ladan zinare 25,000 da sarauta ga wanda ya kashe shi. An harbe shi a Antwerp a 1582 ya tsira, sannan a ranar 10 ga Yulin 1584 Balthasar Gérard ya harbe shi har lahira a gidansa da ke Delft. A nan ba sauran maganar sammaci. Kwangilar kisa ce aka lulluɓe da rigar shari'a. Mafi muni a wurina shi ne na Sikotlan a 1603, da Sarki James na Shida ya haramta sunan zuriyar MacGregor ɗungurungum, duk wanda ya amsa sunan ya cancanci kisa, har da waɗanda ba su taɓa ɗaga takobi ba. Ba a janye haramcin kwata-kwata ba sai 1774.

Yadda ya mutu

Bai mutu rana ɗaya ba, lalacewa ya yi. Daga tsakiyar ƙarni na 14 Ingila ta faɗaɗa shi zuwa ƙarar bashi, ya zama hanyar matsa wa wanda ake bi ya zo kotu. Irin wannan ba ya taɓa rai, dukiya da ikon kai ƙara yake ci. Da ya yi yawa sai kwarjininsa ya zube, lauyoyi kuma suka ƙware wajen rushe shi da kuskuren harafi a takarda. John Wilkes, ɗan majalisar da ya soki gwamnati a jarida ya gudu Faransa, an fitar da shi daga doka a 1764. Ya dawo a 1768, alƙali Mansfield ya soke hukuncin saboda kuskuren lafazi a takardar, sannan aka ɗaure shi wata 22 kan ainihin laifin.

Amma kafin nan hukuncin ya nuna haƙoransa. A 1684 aka kamo Sir Thomas Armstrong daga birnin Leiden na Holan, ana zarginsa da hannu a makircin kashe Sarki Charles na Biyu. Doka ta ba wanda aka fitar a bayan idonsa shekara guda ya miƙa kansa a yi masa shari'a, kuma shekarar ba ta cika ba. Ya roƙi a saurare shi. Alƙali Jeffreys ya ce ai kamo shi aka yi, ba shi ya kawo kansa ba. Aka kashe shi ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Ingila ta soke hukuncin a shari'ar tsakanin mutane a 1879, a shari'ar laifi a 1938, Sikotlan kuma a 1949. Lokacin akwai 'yan sanda, akwai gidajen yari, akwai yarjejeniyar miƙa masu laifi tsakanin ƙasashe. Hukumar da ke iya kamo mutum ba ta bukatar roƙon jama'a su yi mata farauta.

Shi da abin da ake yi a kasuwa

Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Wancan, duk muninsa, yana da mai ƙara da aka sani, da kira biyar, da watanni na jira, da suna a rubuce, da hanyar sokewa. Wanda ya kashe mutumin da ba a yi wa wannan shela ba, mai kisan kai ne a wurinsu. Suna da al'adar ihun kama ɓarawo, kowa ya fito a bi shi, amma manufar a miƙa shi ga hukuma. Taron kasuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ihun mutum ɗaya ne sammacin, shi ne shaidar, shi ne hukuncin. Inda suka yi kama shi ne tushe: dukansu suna tsirowa inda mutane suka yanke ƙauna cewa hukuma za ta kama mai laifi ta kuma riƙe shi.

Larabawan jahiliyya ma suna da makamancinsa, inda ƙabila kan yi shela a kasuwa cewa ta yafe wane, ba ta biya masa diyya, ba ta neman fansar jininsa. A Musulunci, ayar 33 ta Suratul Ma'ida ta ambaci kora daga ƙasa cikin hukuncin 'yan fashi, malaman Malikiyya suka fassara shi da kai mutum wani gari a tsare shi a can, aya ta 34 kuma ta buɗe ƙofa ga wanda ya tuba kafin a ci ƙarfinsa. Zartarwa aikin shugaba da alƙali ne. Fannina tarihin shari'a ne, don haka zurfin wannan ɓangare ka kai shi gaban malaman fiƙihu. Haka kuma takardun kotunan Turai suna faɗa mana wanda aka fitar, amma ba sa bin sa daji. Makomar manya muka fi sani, ta talakawa kuwa mafi yawa ta tsaya ne a layin da aka rubuta sunansu.

Matsalar da ta haifi hukuncin tana nan har gobe, kuma za ka gamu da ita da zarar ka fara zuwa kotu. Na sha tsayawa a shari'ar da wanda ake tuhuma ya tsallake beli, a kira sunansa a bakin ƙofa ba amsa, mai tsaya masa yana zaune yana zufa. Abin da alƙali ke yi yau shi ne ya ba da takardar kamu, ya nemi mai tsayawar ya kawo shi ko ya biya kuɗin da ya ɗauki alkawari. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ma ba da damar ci gaba da shari'a a bayan idon wanda ya gudu bayan beli, amma ba a faɗin hukuncin da zai sha sai an kamo shi ko ya kawo kansa. Duk tsawon gudun nasa, sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 yana kare ransa, kuma wanda ya same shi a hanya ya kashe shi zai amsa tuhumar kisan kai.